Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Firamare da Islamiyya na Zariya: A Daina Kiran Yaro Daƙiƙi

Zuwa ga hedimastoci da malaman makarantun firamare, na gwamnati da masu zaman kansu, da malaman Islamiyya, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da sannu da aiki, na rubuto muku ne a kan wasu yara da kowannenku ya san su, ko da bai taɓa jin sunan abin da ke damunsu ba. Ni ma malama ce irinku. Na sha ƙurar alli a firamare har na yi ritaya, yanzu kuma ina tara 'yan yara da yamma a gidana a Tudun Wada ina koya musu haɗa baƙi. Yawancin waɗanda ake kawo mini an riga an yanke musu hukunci tun kafin su tako zauren. Uwa za ta shigo riƙe da hannun ɗanta, ba ta ko zauna ba za ta ce, "Malama, ga shi nan, kwanyar ce ba ta ja." Yaron yana tsaye yana ji, kuma fuskarsa ba ta ko canzawa, domin ya daɗe da yarda cewa haka ne. Wannan yardar da ya yi ita ce ta fi ba ni wahala. Harafi ina iya koya masa. Amma kafin ya yarda ya ɗaga ido ya dubi harafin, sai na yi makonni ina fama da abin da aka dasa masa a zuciya, kuma mafi yawan dashen a aji aka yi shi.

Abin da masana ke kira matsalar koyo ta musamman ba taɓin hankali ba ne, ba kuma ƙarancin basira ba ne. Yaro ne mai gani, mai ji, mai wayo daidai da sa'o'insa, amma wani ɓangare guda na karatu ya ƙi masa. Wadda ta fi yawa ita ce disleksiya, wato wahalar haɗa sautin magana da harafin da ke tsaye a madadinsa. Ka ce wa irin wannan yaro ya faɗa maka sautin da "kaza" ta fara da shi, ko ya raba "makaranta" gaɓa-gaɓa, sai ya tsaya yana kallonka, alhali shi ne zai ba ka tatsuniya daga farko har ƙurunƙus bai tsallake komai ba. Akwai diskalkuliya, wadda ta shafi lissafi da gane girman lamba. Akwai disgirafiya, inda yaro ya san amsar sarai amma hannunsa ya kasa sauke ta a takarda yadda za a karanta. Abin yakan bi jini. Sau da yawa in ka bincika za ka tarar da uba ko kawu da ya bar makaranta a kan irin wannan. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na yara 'yan makaranta suna da ɗaya daga cikin waɗannan. Ko da mafi ƙarancin adadin muka ɗauka, ajin da ke da yara 80 yana da huɗu.

Ba sabon abu ba ne. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, wanda ba ya shan wahalar lissafi, ba a kuma barinsa a baya wajen wasa, amma ya yi shekaru a hannun malamai ya kasa karatu, har sunansa ma sai ya juya haruffan in zai rubuta. Malamin yaron ya gaya wa likitan cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Ina ƙaunar wannan malami ko da ban san sunansa ba, domin ya ga yaron da ke bayan takardar.

Na san abin da wasunku za su ce: Malama, ai rabin ajin ma ba su iya karatu ba, ta ina za mu gane mai lalura? Gaskiyarku. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa mun san azuzuwan da yara suka haura 100, wasu a ƙasa suke zaune. Akwai wanda yunwa ce ta hana shi, akwai mai sikila da ke rasa makonni, akwai wanda allon ne ba ya gani ko kunnensa ke zubar da ruwa. Duk waɗannan sai an fara kawar da su. Amma idan an koyar da kyau, sauran yaran suka motsa, wani ya tsaya cak a wuri ɗaya duk da yana zuwa kullum yana kuma ƙoƙari, to a nan ne ya kamata malami ya yi zargin akwai wani abu. Kuma abin da nake roƙo a wannan wasiƙa bai jira sai an tantance ba. Ko mai lalura ne ko wanda ba a koya wa ba ne, babu wanda wulaƙanci yake ƙara wa karatu.

Ku dubi abin da ke faruwa a darasin karatu, amma daga benci na biyar. Malam ya ce a buɗe shafi kaza, kowa zai karanta layi ɗaya, a fara daga gaba. Tun daga wannan lokaci yaron nan ba ya jin ko kalma ɗaya daga abin da ake karantawa. Yana ƙirga kawuna da yatsa a ƙarƙashin tebur don ya gano layin da zai faɗo kansa, ya zunguri na kusa da shi ya raɗa masa, ya yi ta maimaitawa a zuci don ya haddace. Sai malam ya tsallake mutum ɗaya, lissafin ya rushe. Tafin hannunsa ya jiƙe. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, fitsari nake ji," aka ce ya zauna. Layi ya zo kansa, ya miƙe, ya kama harafin farko ya yi ta ja, ya cinci kalmar, ya faɗi wata daban. Wani ya ƙyalƙyale daga baya, aji ya ɗauka. Malam ya ce, "Kai dai jaki ne, fito ka durƙusa." A wasu azuzuwan har akan miƙa wa ƙaramar yarinyar da ta karanta daidai bulala a ce ta zane shi, wai don ya ji kunya ya dage. Duk abin bai wuce minti biyu ba, malam ya ci gaba da darasi ya manta. Yaron kuwa da shi zai kwana, kuma gobe akwai wani darasin karatun.

A ƙarshen zango sai mu ba shi shaida a rubuce: na 63 cikin 64. Wasu makarantun har a asambuli ake kiran na ɗaya zuwa na uku a tafa musu, a kira na ƙarshe a yi musu ihu. Ya kai takardar gida, uba ya ce asarar kuɗin makaranta kawai ake yi, uwa ta ce ƙaninka ma ya fi ka, yayye su laƙaba masa suna. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi da wata hanyar sanin ko shi wane ne sai ta bakin manyan da ke kewaye da shi. In malam ya ce daƙiƙi, baba ya ce daƙiƙi, takarda mai hatimi ta ce daƙiƙi, da wace hujja zai musa?

Masu binciken halayyar yara sun daɗe da gano cewa yadda yaro yake ɗaukar kansa ba dunƙule yake wuri ɗaya ba. Akwai yadda yake ganin kansa a karatu, akwai yadda yake ganin kansa cikin abokai, a wasa, a gida, a aikin hannu. Wani masani daga Niyu Zilan, James Chapman, ya tattara binciken da aka yi a kan yara masu matsalar koyo a 1988, kuma abin da ya fito fili shi ne a ɓangaren karatu ne suka fi raina kansu nesa ba kusa ba. A sauran ɓangarorin tazarar da ke tsakaninsu da sa'o'insu ba ta kai haka ba. Wannan labari ne mai daɗi, domin yana nufin ɓarnar tana da iyaka da farko. Kamar gidan ƙasa ne da damina: yoyo a ɗaki ɗaya yake farawa, in an toshe da wuri sauran ɗakunan lafiya lau, in an bari ruwa ya jiƙa katanga sai ya ci har turaka. Yaron da ya fara da "ban iya karatu ba" yakan ƙare da "ban iya komai ba," kuma tsakanin maganganun nan biyu akwai shekarun da ya yi a hannunmu.

Na san wani yaro da aka kawo mini yana aji biyar bai iya karanta sunan unguwarsu ba. Bayan an tashi makaranta yana zuwa shagon kawunsa mai gyaran janareta a Sabon Gari. A can, in aka tayar da inji, yakan karkata kai ya saurara ya ce kabireta ce, a buɗe a tarar haka ne. Yana kwance ta ya jera ƙananan sukurori a kan tsumma bi da bi, ya wanke, ya mayar ba tare da ya rage ko ɗaya ba. Masu kawo gyara har tambayarsa suke yi in ba ya nan. Wannan yaron da ke tsaye ƙyam a shago yana ba magidanta amsa, shi ne wanda in na ajiye littafi a gabansa kafaɗunsa suke sauka, muryarsa ta koma raɗa, ya ce, "Malama, ni fa ba na ganewa," tun bai duba ba. Shagon nan ne ya riƙe masa mutuncinsa. Yara nawa ne ba su da irin wannan shago?

Abin da ke biyo baya a bayyane yake. Wanda karatu ke wa zafi yana guje masa, wanda ke guje masa ba ya samun gogewa, wanda ya iya kuwa kullum ƙara karantawa yake yi yana tara kalmomi. Keith Stanovich ya bayyana wannan a 1986: ƙaramar tazara a aji ɗaya takan zama rami a aji shida, har ta shafi kimiyya da zamantakewa da duk darasin da sai an karanta ake amsa shi. Sannan yaron da ya gwada ya faɗi, ya sake gwadawa ya faɗi, yakan kai inda zai yanke cewa ƙoƙarinsa ba ya canza komai, sai ya daina. Mu kuma mu ga ya daina mu ce malalaci ne. Wani yakan zama ɗan barkwancin aji, domin gara a yi dariyar abin da ya shirya da a yi dariyar karatunsa. Wani ya zama mai faɗa. Wani ya sa yunifom ya fito daga gida ya wuce Kwangila ko PZ ya yini, a tashi ya bi ayari ya koma.

'Yan mata kuwa su ne suka fi ɓacewa. Binciken da Sally Shaywitz da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 1990 ya nuna makarantu sun fi saurin gano maza masu wahalar karatu, alhali da aka gwada yaran kai-tsaye bambancin yawan maza da mata bai kai yadda makarantun suka nuna ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: namiji yana tayar da ƙura a lura da shi, mace tana yin shiru. Za ka ga yarinya littafinta tsaf, ta kwafe allo kamar zane, rubutu mai kyau, ka nuna mata kalma ɗaya a cikin abin da ta kwafa ta kasa karantawa. Ba ta damun kowa, don haka babu wanda ya damu da ita, har ranar da za a ce a gida tunda ba ta ja, ta zauna ta taya aiki ko ta ɗauki talla. Ita kuma ba za ta yi gardama ba, domin ta yarda.

'Yan'uwana malamai, ba na rubuta wannan don in tozarta ku. Na san albashin, na san yawan yaran, na san yadda murya take dushewa kafin azahar. Amma ku tuna 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare na jihar nan kusan 33,000 jarrabawa, aka sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, aka baza wasu takardun amsa a kafafen sada zumunta duniya tana dariya. Ba na shiga gardamar ko matakin daidai ne. Abin da nake tuna muku shi ne yadda garin nan ya kasance a makonnin: magidanta da suka kasa haɗa ido da maƙwabta, matan da suka daina fita biki. Manya ke nan, masu iyali, sau ɗaya aka yi musu. Yaron benci na biyar kowane mako ake yi masa, kuma ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa.

Ga malaman Islamiyya, ku kun fi ni sanin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa wanda ya ƙware a karatun Alƙur'ani yana tare da mala'iku masu daraja, wanda kuma yake karantawa yana in'ina, karatun yana yi masa wuya, yana da lada biyu. Wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa albishir da lada biyu, ta yaya zai zama shi ne mai shan bulala biyu a wurinmu? Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, kuma ban ga inda aka cire yara daga cikin waɗanda aka hana a yi wa ba. Abokan aikinmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari su ma suna da gargaɗi a wasiƙar Kolosiyawa cewa kada iyaye su matsa wa 'ya'yansu har su karaya. Makarantar allo ma, duk da dorinarta, tana da wani abu da boko ta rasa: kowane almajiri da allonsa, daga babbaƙu zuwa farfaru, ba ya wanke allo sai ya biya, kuma babu ranar da ake jera su a ce wane ne na 63.

Kada kuma a fahimce ni cewa maganin shi ne a yi ta zuba wa yaro yabo. Yara ba wawaye ba ne. In ka ce wa wanda ya san bai karanta ba "ka yi ƙoƙari, kai haziƙi ne," ya san lallashi ne, ya kuma ƙara tabbatarwa cewa an fid da rai da shi. Wani babban nazari da Roy Baumeister da abokansa suka yi a 2003 ya nuna cewa kumbura wa yaro kai kaɗai ba ya ɗaga makinsa. Claudia Mueller da Carol Dweck kuma sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi saurin karaya in aiki ya yi wuya, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarin da suka yi. Abin da ke miƙar da yaro shi ne ya ga da idonsa ya iya abin da jiya bai iya ba, kuma wani babba ya lura ya faɗa masa takamaimai: "Makon jiya ka san haruffa shida, yau ga goma sha ɗaya, kai ka yi wannan." Awon da za a yi masa ke nan, shi da jiyansa.

Hanyar kai shi can ba asiri ba ce. Tun shekarun 1930 Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara koyar da irin waɗannan yara sauti bayan sauti, a jere, ba gaggawa, yaro yana gani, yana ji, yana furtawa, yana zanawa da hannu lokaci guda. Ba sai da kayan waje ba. Ni a ƙasar tsakar gida muke zana harafi da yatsa, mu mulmula shi da laka, mu tafa hannu a kan kowace gaɓa, mu yi lissafi da murafun lemo da tsinken tsintsiya. Kuma da Hausa nake farawa, domin rubutun bokon Hausa mai riƙon amana ne: harafin c a "ci" da "cika" da "ciki" sautinsa ɗaya, a Turanci kuwa yau ya yi sautin k gobe ya yi s. Yaron da ke fama da haɗa sauti da harafi, a ɗora masa wannan a harshen da ko jinsa ba ya yi, an haɗa masa wahala biyu. In ya kama dabarar a harshen uwarsa, da ita zai shiga Turancin. Sai dai a kula da b da d da ɓ da ɗ. Kada a koyar da su mako ɗaya. A bari ɗaya ya zauna daram kafin a kawo ɗan'uwansa. Juya su a aji ɗaya ba abin tsoro ba ne, yara da yawa suna yi su wuce. Idan abin ya bi yaro har aji uku tare da wahalar rarrabe sauti, a nan ake neman ƙarin kulawa.

Akwai abubuwan da hedimasta zai iya hanawa gobe da safe ba tare da ya nemi kobo daga kowa ba. A daina dukan yaro don ya kasa amsa. Rashin kunya daban, rashin iyawa daban. A daina ba ɗalibi bulala ya bugi ɗalibi. A daina kiran na ƙarshe a asambuli, kuma a azuzuwan ƙasa, daga ɗaya zuwa uku, ina roƙon a cire gurbin matsayi daga takardar sakamako gaba ɗaya, a rubuta abin da yaro ya iya da abin da ya rage masa. Wanda kuka san yana fama, kada a tsayar da shi karatu a gaban aji ba shiri. A ba shi layinsa tun jiya ya je ya gwada, ko ya karanta wa malam shi kaɗai lokacin tara. A dawo da shi bencin gaba. A jarrabawar kimiyya ko zamantakewa ko addini, a karanta masa tambayar da baki a ƙara masa lokaci, domin abin da ake son sani shi ne ko ya san darasin, an riga an san karatu yana ba shi wuya. Sannan a nemo abin da ya iya a ba shi a gaban jama'a: shi ne mai buga ƙararrawa, shi ne mai kula da lambun makaranta, ita ce mai jan baitin waƙa. Wannan ba wasa ba ne, shi ne abin da zai sa ya ci gaba da zuwa har karatun ya kama.

Maganar da kuke gaya wa iyaye ma tana da nauyi fiye da yadda kuke zato, domin a Zariya har yanzu in malam ya faɗa, ta zauna. In uba ya zo, kada a ce masa ɗanka ba ya ja. A ce masa ɗanka yana da wayo, ga abin da ya iya, ga inda yake tuntuɓe, ga abin da za mu yi, ga abin da muke so a yi a gida. A shawarce shi ya kai yaron a duba idonsa da kunnensa; ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar ido da ta kunne ta ƙasa duk a Kaduna. Iyaye da yawa za su ce sammu ne ko shafar aljanu, su nemo rubutun sha da zuma da zabibi. Ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa yaran nan. Amma a gaya musu a haɗa da minti goma sha biyar kullum na zama da yaro a kan harafi, ba tsawa, ba kwatanta shi da ƙaninsa.

Ku kuma sakatarorin ilimi, doka tana bayanku. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun masu buƙata ta musamman. Idan aka ambaci wannan doka tunaninmu yakan tafi ga makafi da kurame da guragu, kuma haƙƙinsu ne. Amma yaron da lalurarsa ba ta ganuwa shi ma yana ciki. Kuma in akwai garin da bai kamata ya rasa masu horarwa ba, Zariya ce. Ga Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga ta zama jami'a, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sassan ilimi na musamman, akwai kuma kwaleji sukutum a Oyo da aka kafa don wannan fanni. Ina roƙonku ku nemi haɗin kansu a horar da malami ɗaya daga kowace makaranta lokacin hutu, a kan yadda ake gane waɗannan yara da yadda ake koyar da su, ya dawo ya koya wa sauran. A ware rabin awa a jadawali, sau uku a mako, da za a raba yara bisa inda karatunsu ya kai maimakon ajin da suke, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi ta ga amfani. Ɗaliban koyon malanta da ake turo mana kowace shekara suna iya riƙe waɗannan ƙananan rukunoni in an nuna musu yadda ake yi.

Kafin duk wannan ya samu, ina neman abu ɗaya daga ofisoshinku a wannan zangon: takardar umarni zuwa ga kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, da ke hana dukan yaro a kan kasa amsa, da hana sanar da na ƙarshe a bainar jama'a, da hana rubuta kalmar zagi a takardar sakamako. A karanta ta a taron malamai, a sake karanta ta a taron iyaye da Hausa, kuma jami'an da kuke turawa duba makarantu su riƙa tambaya ko ana bin ta.

Allah Ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar firamare mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.